Suna na Arba'in da Ɗaya

Guangzhou, Litinin, 11 ga Agusta, 2008

Zuwa ga mijina, sanyin idona, hadarin farkon damina da ya tsaya a kan gonar zuciyata. Zuwa ga dogon nan na Maraɗi mai murya kamar ruwan randa da kai kamar dutsen niƙa, wanda har yau ba na iya kiran sunansa a gaban mutane sai kunya ta rufe ni. Aminci ya tabbata gare ka gwargwadon nisan da ke tsakanin wannan gari da Yamai, ya kuma ninka.

Yau kwana arba'in da uku ke nan da bizarka ta ƙare, aka ce sai ka koma gida ka sabunta, ka bar ni a hawa na tara da tagar da ba ta kallon komai sai tagar wasu. Kwana arba'in da uku! Ka san nauyinsu a kan mace irina? Gari ya cika da tutocin wasannin duniya da ake yi a ƙasar nan, kowane shago an kunna talabijin ana kallon masu ɗaga ƙarfe da masu ninƙaya, mutane suna ihu in an rataya wa wani zinariya, ni kuwa ina ratsa su kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Rigarka shuɗiya tana nan a bayan ƙofa, ban wanke ba, ba kuma zan wanke ba. Jiya na je wajen matar nan mai 'ya'yan itace in sayi lici irin wanda kake ɓare mini, ta kaɗa hannu ta ce meyo, babu, lokacinsa ya wuce. Na tsaya ina kallonta har ta tsargu. Ina ma ta san gidana ma haka yake: in buɗe ɗaki, babu, in leƙa baranda, babu.

Za ka ce me ya hana ni faɗa maka abin da ke tafe a waya. Kai ma ka san halina. Da na ji muryarka sai in ce lafiya lau, komai daidai, layin ya yanke, in zauna ina jin haushin kaina. Shi ya sa na ɗauki biro. Alhasan abokin kasuwancinka zai tashi gobe, shi zai kawo maka wannan hannu da hannu. Ka nemi wuri ka zauna, ruhina.

Kawu Munkaila ya kama mini kujera a jirgin Alhamis, zuwa Kano. Ba ziyara ba ce. Ya buga wa Baba waya, a matsayinsa na yayan Umma kuma shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu na nan, ya ce masa surukinsa ya shiga cikin marasa addini. Baba ya ce in koma ɗakin uwata har a duba maganar auren. A duba! Sai ka ce kwalin da ya iso da tabo za a buɗe a gani ko a mayar wa kamfani. Auren da na yi shekara biyu da wata biyar ina shan iskarsa, shi za a ɗora a kan tabarma dattawa su juya shi.

Hirar da ka yi a rediyo a Yamai ce ta jawo. Wani ya naɗe ta, ta tsallako teku, tana tsalle daga waya zuwa waya a bakin titin Guangyuan. Ni a kasuwar Baima na fara jin ta, a hawa na uku tsakanin shagunan wanduna. Ina wucewa na ji muryarka tana fita daga tafin hannun wani Bakatsine, sai da na dafa bango. Na ji ka kana cewa gwamnati ta kowa ce. Asibiti da makaranta da kotu kada su tambayi mutum inda yake sa goshinsa kafin su saurare shi. Mai mulki ya yi ibadarsa yadda ya yarda, amma hatimin ƙasa kada ya zama na masallaci ko na coci. Na ji mai gabatarwa ya tambaye ka ko ba ka jin nauyin zama ƙungiya ɗaya da irin su Ismaël, abokinka na jami'a, wanda yake faɗa a fili cewa shi ba ya bin kowane addini, hankali da tausayin ɗan'adam kawai ya riƙe. Ka yi 'yar dariyar nan taka ka ce, “Yanzu zan tashi in yi la'asar, shi zai tsare mini kujerata.” Mutanen da suka kewaye wayar suna ta salati. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da na fara ji shi ne: wannan murya tawa ce! Ni take kira in ta shigo gida.

Amma ba zan ɓoye maka ba, bayan alfaharin tsoro ya zo, ya kuma zauna kwana uku. Ni 'yar Kano ce, a bakin allo na tashi. In Kawu mai furfura ya ce ƙafar mijina ta zame, wace ce ni da zan ce bai gani daidai ba? Na ɗauko akwati na buɗe, na rufe, na sake buɗewa. Na zube littattafaina a kan gado, talatin da ɗaya ɗin nan da na cika jaka da su ranar tahowata maimakon kuka da daddawa, har Umma ta ce takarda za mu riƙa ci a ƙasar Sin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman wata da ta taɓa tsayawa inda nake. Babu. Mazajen cikinsu duk laifinsu fushi ne ko kishi, sai su zo da mota da turare a shafi na ƙarshe a shirya. Ba wanda aka ce a raba shi da matarsa don ya ce a rubuta sunan wani a takarda.

A kwanakin nan uku, ka san abin da ya yi ta dawo mini? Jirgin ruwan nan na ƙetare kogi, wata na biyu da zuwana. Rana ce mai laushi, ruwa ya tsaya ke nan, kogin yana tururi kamar tukunyar da aka buɗe. Kana ɓare mini lici kana jefa ɓawon a aljihunka don kada ka ɓata musu wuri. Na tambaye ka mece ce wannan layisite da ku 'yan Nijar kuke ta faɗa da Faransanci, har kuke da ƙungiya a kanta. Ka ce, “Mi kika gani cikin jirgin ga?” Na ce tsohuwa da turaren tsinke za ta wajen ibadarta, wasu 'yan Kwango da gicciye a wuya, ɗan sanda, mai keke, da mu. Ka ce to, matuƙin ya tambayi ɗayanmu abin da yake bautawa kafin ya kwance igiya? Ka ce shi ma yana da nasa a zuciyarsa, amma jirgin ba nasa ba ne, aikinsa ya kai kowa gaɓa. Ni a lokacin ban saurara sosai ba. Ina kallon ɗigon ruwan da ya tsaya a girarka, ina addu'a kada ya faɗo, kada jirgin nan ya isa. Ashe maganar ta shiga ta kwanta tana jiran ranarta.

Ranarta kuwa ta zo ta kan takardar nan da kai ka fara. Bari in faɗa maka yadda ta ƙare, don ba ka nan.

Ka tuna lokacin da bincike ya tsananta saboda wasannin, ofishin unguwa mai kula da baƙi ya ce kowace ƙungiya ta kawo sunayen mutanen da ta sani ta kuma tsaya musu. Ƙungiyarmu ta yi yadda ta saba tun kafuwarta: kowace magana a harabar masallaci ake yanke ta bayan Juma'a, wanda yake nan shi ne yake nan. Kai sakatare ka zauna a kan takalminka ka rubuta, mutum arba'in. Ka dawo gida kana cin abinci sai ka ajiye cokali ka ce, “Ina Illa?” Illa, wanda shekara shida yana tsaye a tashar jiragen ruwa ta Huangpu cikin rana yana duba lodin kwantenar kowa, wanda rabin mutanen nan mabuɗin sitonsu a hannunsa yake, amma ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci, ya ce shi zuciyarsa ba ta tsaya ba kuma ba zai yi ƙarya da goshinsa ba. Ba wanda ya cire shi. Ba ya dai cikin harabar, shi ke nan. Ka ɗauki biro ka rubuta shi na arba'in da ɗaya. Kawu ya ce ba zai buga hatimi a kan wanda ba ya salla ba. Ka ce ƙungiyar da za ta tsaya gaban hukuma da sunan mutanenmu ba ta da ikon yin ƙofar da wasu ne kaɗai suke shiga. Aka tashi ba a shirya ba, bizarka ta cika, ka tafi, takarda ta kwanta.

Larabar da ta wuce Kawu ya zo da hantsi. Ofishin sun ba da wa'adi zuwa yau Litinin, kuma bugaggiya suke so, da lambar fasfo. Kwamfutarka tana hannuna, ni na san inda ka adana komai. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo shayi. Ya ce, “Ke Saffana, buga mini takardar nan, ki share na ƙarshen. Sannan ki haɗa kayanki.” Tun ina yarinya ban taɓa ba shi amsar da ta wuce “To, Kawu” ba. Na ce to. Ya tafi.

Na buɗe kwamfutar, na kai yatsa kan sunan, yatsan ya ƙi. Ina zaune haka sai ga maƙwabciyarmu Anti Lariba 'yar Kumasi ta shigo aron turmi, tare da Hajiya Habsatou, wadda ka sani, mai kai atamfa da takalma Yamai tun mijinta bai rasu ba. Suka ga idona. Na juya musu allon. Hajiya ta sa tabarau, ta bi sunayen da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake hawa, sannan ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, ni ina nawa?”

Masoyina, hasken safiyata, malamin da nake alfahari da shi: ba ta ciki! Anti Lariba ba ta ciki. Matan da suke kasuwancin kansu a garin nan, babu miji a kan takardarsu, babu ko ɗaya a ciki. Don me? Don mata ba sa zama a harabar maza bayan Juma'a, ta ƙofar baya muke fita. Hajiya Habsatou wadda ta je Makka sau uku, wadda carbi ba ya barin hannunta ko tana ciniki, ƙofar da ta bar Illa a waje ita ce ta bar ta. Muka zauna muna lissafa su da baki, mata tara. Kai ka ga ɗaya, ni na ga tara. Ka yi haƙuri, sai na yi maka gori da wannan har mu tsufa.

A nan tsorona ya sauka kamar zazzaɓin da ya karye. Na ga ashe harabar nan ba imani take aunawa ba, wanda ya samu wurin tsayawa a cikinta kawai take gani. Masallaci wurin ganawa da Ubangiji ne, ba shi ya yi laifi ba. Mu muka ɗauki aikin da ya shafi kowa muka kai shi inda ba kowa ke shiga ba. Na ce a raina, ashe abin da mutumin nan yake ta faɗa ke nan, a jirgin ruwa, a harabar, a rediyo! In ƙungiyar mutum hamsin ta iya mance tara ba da gangan ba, ina ga ƙasa mai miliyoyi?

Anti Lariba ba ta jira ba. Ta ɗauki waya ta kira matan nan ɗaya bayan ɗaya, tana cewa kowa ta zo da fasfonta da bakinta. Suka aika wa Kawu cewa suna gayyatar ƙungiya shan shayi ranar Asabar bayan azahar, a saman gidan abincin nan na Guangyuan mai fanka uku. Wa zai ƙi gayyatar Hajiya Habsatou, wadda rabinsu ta taɓa yi musu hanyar kwantena? Suka zo, suna tsammanin walima ce. Illa ma ya zo, ya tsaya a bakin matakala da hularsa a hannu, ya ƙi shigowa.

Ni na kai takardar. Na durƙusa gaban Kawu na ce, “Kawu, ka gafarce ni, na ce maka to, amma hannuna ya kasa. Maimakon in rage, ƙarawa na yi.” Ya karanta. Na ga fuskarsa ta canja a kan sunayen matan, don shi ma bai taɓa lura ba, kuma Kawu ba azzalumi ba ne, ka san wannan. Ya ce matan kam kuskure ne, a bar su, amma na arba'in da ɗaya ya fita. Sai Hajiya ta ajiye kofinta. Ta ce, “Alhaji, mabuɗin sitonka aljihun wa yake kwana?” Anti Lariba ta ce, “Ciyaman, ka amince masa da kaya, suna ne ya yi maka nauyi?” Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Hajiya ta ce in an cire Illa a cire ta, don ita ba za ta shiga ta ƙofar da aka rufe wa wanda ya tsare mata dukiya shekara shida ba. Shiriyarsa kuwa tana roƙa masa kullum, amma wannan tsakaninta da Allah ne, ba da ofishin unguwa ba.

Kawu ya daɗe yana kallon fanka. Sannan ya ciro hatimin daga aljihun gaba, ya hura masa iska, ya buga. Ya ce, “Saboda matan nan na buga.” Ba wanda ya musa masa. Amma na ga inda idonsa yake lokacin da hannunsa ya sauka, a kan layin Illa yake. Da safen nan aka kai, mutum hamsin, aka karɓa. Illa ya tare ni a ƙasan bene ya ce in gaishe ka, ya juya da sauri yana goge fuska da hular.

Ina ma kana nan! Ina ma ka ga matarka mai kuka in an yanka kaza tana tsaye gaban maza arba'in! Da na dawo gida na tsaya gaban rigarka na ba ta labari tun daga farko. Wace mace ce a littattafaina aka ba wa irin mijina? Nasu suna da benaye da motoci, nawa yana da biro guda da ba ya yarda a manta da mutum. Kai itacen kuka ne a tsakiyar fili, iska ta zo ta gabas ta zo ta yamma, kana nan inda kake. Kai ruwan sama ne da ba ya tambayar gonar wa zai sauka. Kai ne wanda nake ji yana alwala da asuba yana rage ƙarar famfo don kada in farka, kuma kai ne wanda ya zauna kusa da Ismaël bai ja rigarsa gefe ba. Duka biyun nawa ne, ba zan bari a yanka ka gida biyu a ce in zaɓa ba.

Saura maganar Alhamis. Hatimin bai sauya ra'ayin Kawu a kanka ba, kada ka yi zato. Jiya ya ce takarda daban, rediyo daban, kujerata tana nan. Na ce, “Kawu, zan shiga jirgin, amma inda mijina yake zan sauka.” Ya kira ni da cikakken sunana, abin da bai taɓa yi ba. Na yi kuka, ban janye ba. Na kira Umma. Ta saurare ni har ƙarshe, ta yi tambaya ɗaya, ta ce yana salla? Na ce yana yi. Sai ta ce Baba bai huce ba, ba kuma zai huce da wuri ba, in san abin da na ɗauka. Na sani. Yana yiwuwa in yi sallar bana ba tare da na ji muryar mahaifina ba, kuma wannan yana ci na kamar gara a cikin azara. Amma ka tuna ranar tafiyarka, da Kawu ya miƙo hannu ya ce ka bar masa fasfona ya adana kamar yadda ake yi, ka ce a'a, nata ne, ka sa shi a tafin hannuna ka rufe da naka? Da shi na je ɗazu, Hajiya ta raka ni, aka sauya takardar jirgin. Yanzu Yamai aka rubuta.

Ina da roƙo, kuma ba na so ka yi mini gardama. Ka kira Baba. Kada ka yi masa lacca, kada ka sako masa Faransanci, kada ka ce masa ƙasa da tsarin mulki. Ka gaishe shi, ka bari ya yi faɗansa har ya gaji, ka ce Allah ya huci zuciyarsa. In ya kashe, ka sake kira Juma'a mai zuwa, da ta bayanta. Kai da kake so gwamnati ta saurari kowa, ka fara sauraron tsohon nan, don ni ce a tsakaninku. Sannan ka ci abinci, na ji muryarka ta rame a rediyo. Sannan ka ce wa mutanen ƙungiyarku, in za su yi taro na gaba, su duba ko akwai wata Habsatou da ke tsaye a bayan ƙofa ba su sani ba.

Na rage littattafaina zuwa goma, sauran na bar wa Anti Lariba, don in sami wurin rigarka da kwamfutarka da ɗan busasshen lici da na samo a wani shago. Bai kai ɗanye daɗi ba, amma kai za ka ɓare. A filin da ake canja jirgi, Alhasan ya ce ƙofofin a jere suke, masu zuwa gida su yi nan, masu zuwa Yamai su yi can. Zan ji Hausar Kano tana kira na daga ƙofa ta farko, na san zan ji, na san ƙafata za ta tsaya. Zan yi wa iyayena addu'a a wurin, in share idona, in wuce.

Ka zo tarbata da kanka, ranar Juma'a da hantsi. Kada ka aiko kowa. In ka ga wata 'yar siririya da jan mayafi tana jan akwati mai nauyin takarda, taka ce, ta jiya da ta yau, har ranar da za a kira sunayenmu a inda ba a mance kowa.

Matarka, wadda ta zaɓe ka sau biyu,

Saffana